Kwanakin Nahisa a Bakin Kwata

Sana'ar fawa ba ta jiran kowa. Mu da muke aiki a Abatuwa ta Jos, kafin kiran assalatu mun tashi, ana sallame asuba wuƙa ta kama aiki, domin naman da hantsi ya yi bai hau teburin mai sayarwa ba ya kama hanyar asara. Sanyin Disamba na Filato, wanda ke hana yatsu riƙe wuƙar fiɗa, bai taɓa ɗage mana yanka ba. Ruwan Agusta ma haka. Amma a cikinmu akwai mutane, masu hankali da sallah a kan lokaci, waɗanda in wata ya kwana 13 ko 21 ba za su taka Kara ta Bukuru da niyyar sayen dabba ba, ko da farashi ya faɗi warwas. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu.

Kakanmu ya zo Jos daga ƙasar Katsina zamanin haƙar kuza, da wuƙarsa da wata takarda ta ajami. Takardar ce Baba ya gada. Kwanaki bakwai ne a cikinta na kowane wata: 3, 5, 13, 16, 21, 24 da 25, waɗanda littattafan hisabi na Larabawa ke kira kwanakin nahisa. A irin ranakun nan Baba yakan yanka abin da ya riga ya saya, don aikin da ke tafe ba ya tsayawa. Sabon abu ne ba ya farawa: ba sayen sa, ba tafiya, ba ɗaukar sabon yaro, ba sa ranar aure. Kakarmu ita nata lissafin a ka yake. Ba ta zuwa ta'aziyya ran Asabar, wai abin da aka yi ran Asabar sai ya maimaitu. Ranar Larabgana kuwa, Larabar ƙarshe ta watan Safar, da ake cewa bala'i 320,000 ke sauka a cikinta, sai an zuba rubutu a randa kowa ya sha, kuma ba mai yin nisa da gida.

Wanda ya sa na zauna na yi wa wannan al'amari tunani na sosai Ba'indiye ne, mabiyin addinin Hindu, da ya daɗe yana sayen fatun awaki a hannunmu. Ƙirgin saniya ko kallonsa ba ya yi. Wata Juma'a mun gama ƙirga fata, mun daidaita kan farashi, saura ya ba da kafin alƙalami, sai ya dubi agogo ya ce, "Alhaji, yi mini haƙuri zuwa sha biyu. Yanzu lokacin Rahu ne, ba na ƙulla sabon ciniki a cikinsa." Ni kuwa ina sauri in je in yi wanka in tafi masallaci. Da ya ga raina bai so ba, sai ya ciro wata kalanda daga mota ya shimfiɗa a kan benci.

Pancanga suke kiranta. Kowace rana tana da gaɓoɓi biyar. Akwai ranar mako. Akwai tithi, wato kwanan wata, amma ba da faɗuwar rana suke ƙirga shi kamar mu ba: duk sanda wata ya ƙara nisan digiri 12 daga rana, tithi ɗaya ya cika, don haka yana iya ƙarewa da tsakar rana ko da tsakar dare, kuma guda 30 ne a wata. Akwai nakshatara, masaukin da wata ya sauka cikin taurari, su 27. Sai yoga da karana, waɗanda su ma daga matsayin rana da wata ake fitar da su. A ƙarƙashin waɗannan aka jera lokutan alheri da na gudu. Rahu Kalam shi ne wanda aka fi tsoro. Ana raba wuni daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kashi 8, kowane kashi wajen awa ɗaya da rabi, sai a ba Rahu kashi guda: na biyu ran Litinin, na bakwai ran Talata, na biyar ran Laraba, na shida ran Alhamis, na huɗu ran Juma'a, na uku ran Asabar, na takwas ran Lahadi. A gari irin Jos, inda tsawon wuni bai cika sauyawa ba, na Juma'a yakan faɗo daga wajen goma da rabi zuwa sha biyu.

Mutumin nan ya yi karatun zamani, lissafin kuɗinsa ba ya kuskure, kuma bai ji kunyar abin da yake yi ba. A ƙasarsu ba abin ɓoyo ba ne. Kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na awa ɗaya ranar bikin Diwali don a yi ciniki a lokacin da aka zaɓa. Marubuta tarihi sun kawo cewa masu duban taurari ba su ji daɗin ranar 15 ga Agusta 1947 ba, kuma hakan na cikin abin da ya sa aka yi bikin karɓar mulkin kai da tsakar dare. Gwamnatin Indiya da kanta ta kafa kwamiti a 1952, ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, don daidaita kalandu barkatai da ake amfani da su a ƙasar, aka fara aiki da ta ƙasa a 1957.

Ina kallon kalandar ina ganin takardar Baba, kuma ba kama ce ta haɗari ba, akwai dangantaka. A zamanin Halifa Mansur aka kawo littafin taurari daga Indiya zuwa Bagadaza aka mayar da shi Larabci, wanda aka sani da Sindhind. Ita Bagadazar ma, masu duban taurari irin su Naubakht da Masha'allah ne suka zaɓi lokacin aza harsashinta a shekarar 762. Albiruni ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya bayyana lissafinsu dalla-dalla. Su masaukai 27 suke ƙirgawa, Larabawa 28. Daga Masar da Magrib wannan ilimi ya biyo ayari ya iso Katsina da Kano da Barno, har ƙasarmu ta fitar da gwaninta: Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya tafi hajji ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Durrul Manzum kan taurari da hatimai, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. Takardar da kakana ya zo da ita Jos jikanyar wannan makaranta ce.

Abin da na tsaya a kai shi ne, abu biyu aka cuɗa a waje ɗaya, a kalandar Ba'indiyen da takardar Baba duka: akwai lissafi, akwai hukunci. Lissafin gaskiya ne, kuma ina girmama shi ƙwarai. Mutumin da zai gaya maka tun bana ranar da wata zai yi husufi baɗi, abin ya zo daidai, ya yi aikin da ya cancanci a tashi masa tsaye. Tsofaffinmu sun san masaukai 28, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai 14, shekara ta cika 365. Sun san taurarin damina a jere: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Da su manomi ke sanin shukar da za ta kai da wadda ta makara, da su mahauci ke sanin lokacin da shanu za su yi ƙiba da lokacin da za su rame farashi ya sauka. Baba yakan ce lissafin Katsina bai zauna daidai a Jos ba, don nan ruwa tun Afrilu yake sauka, can kuwa sai an jira. Sai ya gyara shi da abin da idonsa ya gani. Wannan ita ce alamar lissafi: in ya saɓa, sama da ƙasa za su nuna maka, ka gyara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Bature Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, ya nuna ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Shi ɗin ne kuma ya rubuta littafi yana gargaɗin mutane su nisanci masu rufa-ido da masu duban taurari. Bai ga karo tsakanin biyun ba, ni ma ban gani ba. Yana ci mini rai cewa yaranmu na kwata, da suke fitowa kullum cikin duhun asuba, ba wanda zai iya ɗaga kai ya nuna maka Kaza da 'Ya'yanta.

Hukuncin ne na ƙi, kuma daga cikin sana'ata na samo dalilina na farko. Ka je Kara ran 13 ga wata. Ga Bafulatani da bijiminsa, ga mahauci, ga dillali a tsakani. An yi albarka, an ƙara, an sallama. Dabba ɗaya, mutum biyu, lokaci guda. In aka farke ciki aka tarar hanta ta ci tsutsa, ko huhu ya nuna tarin fuka likitan dabbobi ya hana naman, mahauci ya yi asara, mai sayarwa kuwa ya rabu da dabbar da da a hannunsa za ta mutu. In kuma aka tarar da kitse har tozo, mahauci ya ci riba, mai sayarwa ya sayar da araha. To ranar ta wa ce? Nahisarta ta sauka kan ɗaya ta tsallake ɗaya, alhali kafaɗarsu na gogar juna? Na sha yi wa dattawa wannan tambaya da ladabi. Amsar da nake samu ita ce, tauraron kowa daban. In haka ne kuwa, jerin kwanaki bakwai da aka rubuta wa kowa da kowa ya rushe ke nan.

Ga kuma wani abu. Tauraron nan ja da ke bin bayan Kaza da 'Ya'yanta, Larabawan da suna kiransa Dabaran, suna ganinsa shu'umi, ba sa son ruwan da ya sauka a kansa. Shi ɗin dai Indiyawa ke kira Rohini, kuma a wurinsu yana cikin mafi alherin masaukai, a kansa suke so a ɗaura aure. Tauraro ɗaya ne a sama ɗaya. Mu ma nan gida, Larabar da ake sha wa rubutu ita muke yi wa kirari da ta Bawa ranar samu. Rahu kuwa ba tauraro ba ne. Mahaɗa ce inda hanyar wata ke ratsa hanyar rana, inda husufi ke faruwa, kuma sanin wurinta ilimi ne na gaske. Amma shi Rahu Kalam ba daga wurin da mahaɗar take ake fitar da shi ba. Rabon wuni ne kashi takwas da sunan ranar mako, shi ke nan. Na faɗa wa abokin cinikina haka, ya ce gaskiya ne, haka suka tarar.

Mu mutanen Jos mun san mugun lokaci, ba labari aka ba mu ba. Ranar 7 ga Satumba 2001 Juma'a ce, shugabar ranaku, watan Jimada Sani kuwa ya wuce 16 bai kai 21 ba, wato yana cikin sararin da takarda ta ce lafiya lau. A ranar garin ya kama da wuta, aka yi kwanaki ana kashe-kashe. A shekarun da suka biyo, 2008 da 2010, mun koyi wani irin lissafin lokaci: ƙarfe nawa dokar hana fita ke farawa, wace hanya ake bi daga cikin gari zuwa Abatuwa da asuba, wace ce ba a bi. Akwai safiyar da wani maƙwabcinmu Kirista, mai shago kusa da kwata, ya aiko mini cewa kada yarana su fito sai ya sake kira. Shi ya san mugun lokacin, don da kunnensa ya ji abin da ake ƙullawa. Mutane ne suka ƙulla sharrin, mutum ne kuma ya tsare mu daga gare shi, da ikon Allah. Na tsani a ɗora wa rana laifin da hannun ɗan Adam ya aikata, domin duk laifin da aka ɗora wa rana, mai shi ya tsira.

Ba'indiyen bai bar ni haka ba. Ya ce, "Alhaji, ku ma ai kuna da naku. Kuna fifita Juma'a, kuna neman wani dare a watan azumi, kuna da lokutan da ba ku nafila. Me ya raba mu?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma ta daɗe tana yi mini yawo a ka.

Gaskiya ne lokuta ba ɗaya suke ba a Musulunci. Akwai sulusin dare na ƙarshe, akwai sa'ar karɓar addu'a ran Juma'a, akwai goman farko na Zulhajji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ran Alhamis, ya kuma roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, har sahabi Sakhru al-Gamidi, wanda ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura hajarsa da sassafe ya yi arziki. Mu mahauta muna jin daɗin wannan hadisi. A ɓangarensu ma, aikin Pancanga mafi yawa na ibada ne: yaushe za a yi azumin Ekadashi, yaushe biki zai kama. Wannan addininsu ne, ba ni da ta cewa a ciki. Bambancin da na gani a wuri ɗaya yake. Lokutanmu masu falala kira suke yi: zo ka ƙara. Ba wanda a cikinsu ke cewa gudu, akwai abin da zai cuce ka a cikin wannan awa. An hana ciniki in an yi kiran Juma'a, amma don a je sallah ne, ana idarwa kuma aka ce a watsu a nemi arziki. An hana nafila lokacin fitowar rana da faɗuwarta don kada a yi kama da masu bauta mata. Ranar da ɗan Annabi, Ibrahim, ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda shi ne, Annabi ya tashi cikin baƙin cikinsa ya gyara musu. Ya kore shu'umcin Safar da bakinsa. Kwanakin nahisa da Alƙur'ani ya ambata na Adawa ne, kwanakin da azaba ta sauka musu saboda abin da suka aikata, kuma a kwanakin nan ne Annabi Hudu da mutanensa suka tsira. An ruwaito cewa Imamu Malik bai ga laifin yin ƙaho ran Asabar ko Laraba ba, don kwanaki duka na Allah ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi sawunsa a Nurul Albab, ya lissafa rarraba kwanaki zuwa masu kyau da munana cikin abubuwan da suka addabi ƙasar Hausa. Izala, da aka kafa a nan Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, ta yi wa'azi mai yawa kan duba da camfi.

To me ya sa abin bai mutu ba? Fiye da shekara 200 bayan Shehu, takarda ta bar bango ta koma aljihu, yanzu ma ta shiga waya. Ina ganin don ba a taɓa tushen ba, tushen kuwa tsoro ne. Jarin mahauci gaba ɗaya yana cikin cikin dabbar da bai ga cikinta ba. Sau da yawa kuɗin ma bashi ne, sai an sayar a biya. Mutumin da ke cikin wannan hali yana neman wanda zai kama masa nauyin shawara, ko da takarda ce. Shi ya sa ba na son in ji yaro yana yi wa tsoho dariya, ko yana jifansa da kalmar shirka a bainar jama'a. Baba bai taɓa cewa rana na da iko ba. In ka tambaye shi sai ya ce, "Kai yaro, Allah ke yi, amma ba a shiga ruwa da gangan." Abin da irinsa ke buƙata a nuna masa shi ne ƙofar da addini ya buɗe wa wannan tsoro: ka duba haƙoran dabba da idonta da kashinta, ka nemi shawarar wanda ya fi ka sani, ka yi istihara raka'a biyu, ka sa hannu. Istihara ba ta da ranar da ba a yinta.

Da abin ya tsaya kan ɗage ciniki na awa ɗaya da rabi, da ban ɓata tawada ba. Inda yake kaiwa ne ke tayar mini da hankali, don in an ce lokaci na da shu'umci, ba a daɗewa sai a nemo mutumin da za a rataya wa. A Indiya, jaririn da aka haifa wata na masaukin Mula, a wasu gidajen uba ba ya kallon fuskarsa sai an yi kwana 27 an yi masa tsari. Ana ba da labarin cewa babban mawaƙinsu Tulsidas, iyayensa yasar da shi suka yi yana jariri saboda wannan. Namu ba sai na je nesa ba. 'Yar gwaggona aka ɗaura wa aure ran 21 ga wata, don dangin ango ba su damu da lissafin ba. Ba a rufa shekara ba motar shanun mijin ta faɗi a hanyar Bauchi, jarinsa ya tafi. Nan take waɗanda da ba su damu ba suka tuna ranar, daga ranar suka gangaro kan amarya: farar ƙafa ce. Ba wanda ya tambayi awa nawa direba ya yi bai runtsa ba, ko shekarun tayoyin motar. Aka sake ta da ciki. Ta yi shekaru tana sayar da abinci a bakin kwata, da shi ta yi wa ɗanta makaranta, kuma har yau akwai matan da ba sa son ta fara taɓa kayan lefensu.

Da aka zo sa ranar auren 'yata, na zaɓi Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah, don ita ce ranar da 'yan'uwa na Bauchi da Kaduna za su samu zuwa. Kawuna, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya ƙirga da yatsu ya ga ranar na iya faɗawa 13 ga Shawwal. Ya kira ni ɗakinsa.

"Ka ɗaga da kwana biyu mana. Me za ka rasa?"

Na ce, "Kawu, ku gafarce ni. In na ɗaga, na koya wa yarinyar nan da dangin mijinta cewa rana na iya ɓata aure. Gobe in wani abu ya same su, za su nemi inda aka yi kuskure, kuma kun san kan wa ake ƙarewa." Na ambaci sunan 'yar gwaggo. Na tuna masa cewa Larabawan jahiliyya suna ƙin aure a Shawwal, Nana A'isha kuwa a Shawwal aka ɗaura nata, a Shawwal ta tare, kuma ta fi son a kai matan danginta ɗaki a cikinsa.

Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce in je zai yi tunani. Ba zan kawo yadda zaman auren yake ba a matsayin hujja, domin in na yi haka na koma irin lissafin da nake ƙi. Ranar ɗaurin aure dai Kawu ya riga kowa isa masallaci, shi ya yi walicci, shi ya karɓi sadaki.